Takalmin Mafarauci a Ƙasar Badarawa: Ƙaya a Ƙasa, Kububuwa a Ciyawa, Zargi a Hanya

Duk wanda ya ratsa layin masu takalma a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, bayan an gama yankan dawa an kai dammuna gida, zai lura da wasu masu ciniki da suka fita daban. Ba ruwansu da ƙyalli. Mutum zai ɗauki takalmi ya kife shi, ya danna ƙasansa da babban yatsa, ya lanƙwasa shi har hanci ya kusa taɓa diddige, ya ja ɗinkin ya ga ko zai buɗe baki. In ya zura ƙafa kuma, tsugunawa zai yi, ya miƙe, ya ɗan daka tsalle.

Samarin Badarawa ne da na ƙauyukan bakin gulbi. Kaka ta wuce, hunturu ya kunno kai, lokacin farauta ya kama.

Abin da ke shimfiɗe a gabansu bai wuce iri huɗu ba. Akwai takalmin taya na dukawa, akwai takalmin roba mai rufin yatsu irin wanda makiyaya ke sawa, akwai dogon takalmin ruwa da ake kira renbut, sai kuma but ɗin gwanjo mai igiya, wanda idon kowane saurayi ke fara sauka a kansa. Tsakanin mafi araha da mafi tsada akwai ninki goma ko fiye. Mai sayarwa zai rantse maka kowanne shi ne na daji.

Magana ce da mutumin birni zai ɗauka ƙarama. Amma ma'aikatan lafiya na yankin sun san ba haka ba ne: daga kaka zuwa bazara ba sa rabuwa da masu ƙaya da ta karye a tafin ƙafa ta yi ruwa, da masu targaɗe, da waɗanda aka ɗauko ranga-ranga a babur saboda saran maciji. Da yawa daga cikin waɗannan raunuka a ƙasa da ƙwauri suke, wato daidai inda takalmi ya kamata ya tsaya wa mai shi.

Ƙasar da ake takawa

Kafin a yi maganar takalmi sai an yi maganar ƙasa. Arewacin Zamfara ba ƙasar duwatsu masu tsayi ba ce. Jigawa ce mai rairayi, da faƙo mai tauri, da fadamun da ke bin gulbin Gagare wanda ya biyo ta Kaura Namoda da gulbin Bunsuru wanda ya biyo ta Zurmi, kafin su haɗu su gangara Rima. Mafarauci na iya taka duka ukun kafin rana ta take.

Kowacce da abin da take yi wa ƙafa. A jigawa ƙarangiya ce ke maƙale wa wando da safa, tsidau kuma na kwance a ƙasa da ƙahonninsa a sama. Ƙarƙashin aduwa da bagaruwa da farar ƙaya akwai busassun ƙayoyi da suka zubo, wasu tsawonsu ya kai ɗan yatsa, kuma silifa ba ta ce musu komai. Sarƙaƙiya da magarya su ke yagar idon sawu. A gonakin da aka girbe kuwa, tushiyar dawa da ta gero da aka sare a karkace ta fi ƙaya haɗari ga mai gudu, domin ba ta lanƙwasawa.

Fadama kuma laka ce da safe, da rana ta bushe ta tsattsage ta zama ramukan karya ƙafa.

Sai yanayi. Asubahin Disamba da Janairu akwai sanyin da ke sa faso ya buɗe har ya yi jini. A watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, rairayin tsakar rana na iya sassauta gam ɗin da aka manne takalmi da shi. Ga kuma ɗabi'ar nan ta cinna wa daji wuta don a koro nama, wadda ko don ɓarnar da take yi wa ciyawar dabbobi da itatuwa ta cancanci a daina ta. Wanda ya bi sawun wuta da takalmin roba ya taka toka mai rai a ƙasa, shi zai ba da labarin yadda roba ke narkewa ta manne wa fata.

Tun kafin taya da roba

Ƙasar nan ta daɗe da sanin tafiyar ƙafa mai wuya. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya biyo ta Zurmi da Badarawa a hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya kuma rubuta yadda ya tarar da kasuwar Badarawa cike da jama'a da auduga. Daga nan ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi cikin tafiyar kimanin sa'a 26 ba tare da yada zango ba, don tsoron mahara. 

Shi Barth ɗin ne kuma, da ya zauna Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa takalman da birnin ke fitarwa zuwa nesa sun kai na wuri miliyan 10 a shekara. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ta kai har Turai inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi. Ƙirin sa kuma shi ake yanka wa takalmi ƙasa.

Maharbin wancan zamani bai damu da rufe ƙafa ba. Kanta ce rabin takalminsa. Mai farautar burtu, wanda ke ɗaura kan tsuntsun a goshi ya yi rarrafe har ya kusanci barewa ko gwanki, sau da yawa ma cire takalmin yake yi ya rataya, domin ƙarar busasshen ganye ɗaya ta isa ta watsa aikin yini.

Da motoci suka yawaita, musamman bayan layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929 garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, sai tsohuwar taya ta samu sabon aiki a hannun dukawa. Takalmin taya ya kori ƙiri saboda dalili ɗaya: ƙaya ba ta huda shi, kuma yakan shekara biyu ko uku ana dirzarsa. Daga baya masana'antun roba na Kano suka cika kasuwanni da takalmin da ake zubawa a injin, mara ɗinki, mara nauyi, mai arahar da ba wanda zai yi gasa da ita.

Dajin ya ƙuntata

Farautar da dattawan Badarawa ke ba da labari, ta kwana da kwanaki, da kiɗa da kirari da karnuka garke guda, a shiga Sububu ko Dumburum ko a leƙa gefen Rugu, yanzu sai a baki. Tun wajen 2011 da ta'addancin 'yan bindiga ya fara kankama a Zamfara, waɗannan dazuzzuka suka koma hannun wasu. Manyan namun ma sun riga sun yi ƙaranci tun kafin nan.

Abin da ya rage shi ne farautar kusa da gida: bayan gari, gefen gona, bakin fadama, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Zomo, zabon daji, fakara, gafiya, kurege, damo, in an yi sa'a gada. Ko wannan farautar ma sai an ji labarin hanya kafin a saki kare.

Wannan sauyi ya taɓa maganar takalmi kai tsaye, kodayake ba kowa ya lura ba. Farautar zomo da karnuka gudu ce, gajere mai tsanani, a cikin tushiya da kunya-kunyar gona. Tonon gafiya da damo kuma zura hannu da ƙafa ne a bakin rami, a tsohuwar suri, a ƙarƙashin tarin kara. Waɗannan wurare su ne gidan macizai. Wato mafaraucin yau ya rage nisan tafiya amma ya ƙara kusantar abin da ke sara.

Kububuwa ba ta neman cinya

A cikin macizai masu dafi na ƙasar Hausa, kasa ta fi kauri, kumurci ya fi ban tsoro, amma kububuwa ce ta fi kisa. Gajeriya ce, da wuya ta wuce kamu ɗaya da rabi, launinta na ƙasa da busasshen ganye, ba ta gudu in ta ji motsi. Dafinta na hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, bayan yini ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi da tsohon miki, wani lokaci ya zuba a ciki inda ido ba ya gani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, tana kuma ƙiyasta cewa yana kashe mutum tsakanin dubu 80 zuwa kusan dubu 140 a duniya kowace shekara. A Najeriya asibitin Kaltungo a jihar Gombe na karɓar dubban waɗanda aka sara duk shekara, kuma likitoci irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero sun shafe shekaru suna nazarin lamarin. Abin da binciken masana ke ta maimaitawa shi ne mafi yawan sara a tafin ƙafa da idon sawu yake.

Nan ne takalmin taya ya gaza, duk da ƙaunar da ake masa. Ya tsare ƙasa ya bar sama a buɗe. Na roba ya rufe yatsu amma ya tsaya ƙasa da idon sawu. Haƙoran kububuwa gajeru ne, fata mai kauri ko roba mai kauri da ta haura idon sawu, da wando mai nauyi a kai, na tare mafi yawan saranta.

A yankin da ake tsoron hanyar Shinkafi zuwa Kaura da dare, kuma allurar kashe dafi ba ta cika samuwa a kusa ko da araha ba, wannan ɗan tsawon wuyan takalmi ba ado ba ne. Wanda aka sara da magariba a ƙauye zai iya kwana bai ga likita ba. In kuwa tsautsayin ya faɗa, shawarar likitoci ba ta canza ba: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a cire takalmin tun ƙafa ba ta kumbura ba, a hana mutum tafiya, a nufi asibiti.

But ɗin gwanjo da abin da ke cikinsa

To ai sai a ce magana ta ƙare, kowa ya sayi but. Ba ta ƙare ba.

Yawancin but ɗin da ke zuwa cikin dilar gwanjo, ta Kwatano ko ta Maraɗi ko daga Ƙofar Wambai a Kano, an yi su ne don wata ƙasa da wani aiki. Wasu na ma'aikatan gini ne, da ƙarfe a hanci, kowace ƙafa ɗaya ta kusa kilo guda. Wasu na ƙasar ƙanƙara ne, da auduga a ciki. Mai sanye da irin wannan a watan Maris, kafin azahar ƙafarsa ta jiƙe sharkaf, bororo ya tashi a diddige, tsakanin yatsu ya fara ruɓewa.

Akwai kuma aibin da ba a gani a kasuwa. Takalman zamani da yawa ana sa musu wani soso mai suna foliyuretan tsakanin fata da ƙasan roba. In ya daɗe a ajiye, danshi na cinye shi daga ciki. Daga waje sabo fil, amma ranar farko a daji sai ƙasan ya fara marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli, mutum ya dawo gida da saman takalmi a hannu. Shumeka ba shi da abin da zai ɗinke a jiki. Shi ya sa masu wayo ke danna farce a gefen soson: in ya tsage ko ya yi danƙo, a ajiye shi komai kyansa.

Tsada ma ta shigo. Rufe iyakar Nijar daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, da faɗuwar naira a 2023, sun sa kayan gwanjo sun daina zama na talaka.

Amma babbar matsalar but a arewacin Zamfara ba ta ƙafa ba ce. Baƙin but mai dogon wuya ko mai ruwan ƙasa irin na soja kaya ne da ake karanta mutum da shi. 'Yan bindiga na sa kakin soja da takalmansu. Sojoji na sa su. Askarawan Zamfara da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a Janairun 2024 su ma da nasu kayan sarki. Saurayin da ya fito daga ciyawa da but irin wannan, da adda a kugu da bindigar toka a kafaɗa, ya bar wa duk wanda ya fara hango shi ya yanke hukuncin ko shi wane ne. Ko sawun da ya bari a rairayi na iya tayar da hankalin ƙauye guda.

Kisan mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba takalmi ne ya jawo shi ba, amma ya nuna yadda zargi ke riga tambaya isa a wannan zamani. A ra'ayina, duk wani amfanin but mai kamar na soja bai kai wannan haɗarin ba.

Masu farautar tsaunukan Amurka

Akwai inda aka mai da zaɓen takalmin farauta ilimi guda. A jihohin Kolorado da Montana da Idaho da Wayomin na Amurka, daga Satumba zuwa Nuwamba ake farautar elk, wata babbar dabba mai rassan ƙaho da namijinta ke haura kilo 300, wato ya ɗara gwanki. Ana binta a tsaunuka masu tsayin mita dubu biyu zuwa uku, in an harbe kuma a yanka naman a goyo shi a baya zuwa inda mota ta tsaya.

Saboda haka takalminsu mai tauri ne a ƙasa don kada dutse ya lanƙwasa ƙafa, mai dogon wuya don nauyin kaya, da shimfiɗar Gore-Tex mai hana ruwa shiga, da abin ɗumi da ake aunawa da giram 200 ko 400 ko fiye gwargwadon sanyi. Kamfanoni irin su Danner da Kenetrek da Crispi na sayar da guda a ɗaruruwan daloli. Wani ɓangare na waɗannan ne, bayan sun tsufa, ke ƙarewa a dilar gwanjo.

Takalmin nasu ba namu ba ne. Abin ɗauka a wurinsu tsarin tunani ne: suna fara tambayar wace ƙasa, wane wata, wane nauyi, kafin su tambayi wane takalmi. Suna gwaji da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za su sa a daji. Ba sa shiga farauta da sabon takalmi sai sun yi makonni suna yawo da shi ya saba da ƙafa.

Wani abin da zai ba badukun Kaura dariya: shahararren ƙasan takalmin nan mai kunya-kunya na Vibram, wanda ake yi wa tsada, Ba'italiye Vitale Bramani ne ya fito da shi a 1937 bayan wasu abokan hawan dutsensa sun mutu, kuma da taimakon kamfanin taya na Pirelli aka yi shi. Dabarar da Turawa suka kai ofishin rajista, dukawanmu sun kai gare ta da wuƙa da tsohuwar taya.

Kowa da hujjarsa

Tsofaffin maharba ba su yarda da but ba, kuma ba taurin kai ne kawai ba. Hujjarsu ita ce ƙafar da aka kulle ba ta jin ƙasa, ba ta san ta taka busasshen kara ba sai ya karye, kuma mai nauyin ƙafa ba ya cim ma kare a kan zomo kafin wani ya riga shi ɗauka. Wanda ya san yadda rigima ke tashi a kan wa ya fara bugu, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wasunsu kuma sun dogara da abin da suka sha ko suka ɗaura na maganin maciji. Ba a jayayya da dattijo a kan asirinsa a bainar jama'a, amma gadajen Kaltungo sun kwantar da masu laya da yawa.

Samari na son but don kwarjini, kuma suna da gaskiya cewa karen bana shi ke maganin zomon bana: farautar ta canza, kaya ma sai su canza.

Masu noman fadama da ke taɓa farauta sun fi karkata ga renbut, tunda suna da shi don aikin albasa da shinkafa. Ga maciji kam babu kamarsa a wannan farashi. Aibinsa zafi da zamewar ƙafa a ciki, ba a gudu da shi, kuma ƙayar aduwa na iya huda mai siririn ƙasa. Ya dace da tonon rami da farautar asuba a bakin ruwa, bai dace da bin karnuka ba. Duk mai ajiye shi a zaure kuma ya riƙa zazzage shi kafin ya zura ƙafa, kunama na son duhunsa.

Dukawa da masu gyaran takalmi su ke da ƙorafin da ya fi kama hankalina. A ganinsu abin da mafarauci ke nema ba ya cikin dila: saman fata mai kauri da ya haura idon sawu da kamar yatsu huɗu, harshe a ɗinke da jiki don kada rairayi da ƙarangiya su shiga, ƙasan taya da aka fere ya yi sauƙi, a ɗinke shi da zare ba a manna da gam ba, launinsa na jan fata da ba wanda zai ɗauka na hukuma ne. Duk kayan haɗin akwai su tsakanin Kaura, Gusau da Kano. Ana yin irinsa a Ariaria ta Aba, akwai kuma cibiyar nazarin fata ta tarayya a Samarun Zariya da aikinta ke nan. Abin da ya hana shi yawaita shi ne mai saye na son biyan kuɗin roba ya karɓi aikin fata, shi kuma baduku ba zai zuba jari a abin da ba a yi oda ba.

Nan ne sarakunan dawa da ƙungiyoyin mafarauta za su iya yin abin da ya fi rabon katin shaida. In mutum talatin suka haɗa oda wuri guda, farashi zai sauko, baduku zai samu ƙwarin gwiwar yin ma'auni na kowane girman ƙafa. Manoma ma, waɗanda su kububuwa ta fi sara a lokacin shuka da girbi, za su bi sahu.

Kafin a miƙa kuɗi

Wanda ba zai jira wannan ba, ga abin da zai duba a kasuwa mai zuwa. Ya tafi da safa mai kauri ya gwada da ita, da yamma. Ya tabbata babban yatsa na da sararin faɗin yatsa guda a gaba, diddige kuma ba ya ɗagawa in ya taka. Ya shafa cikin takalmin da hannu ya ji ko akwai ƙusa ko dunƙulen ɗinki. In an manna ƙasan da gam ne, ya wuce wurin shumeka a zagaye shi da zare tun bai shiga daji ba, kuɗin ɗinkin bai kai na allurar kashe dafi ɗaya ba. Fata kuma tana son man kaɗanya ko kitse lokaci-lokaci, ba a shanya ta a bakin wuta.

Mai ƙaramin ƙarfi da ba zai iya sayen komai ba sai na taya ko na roba, ya nemi baduku ya yanka masa fata mai kauri da zai naɗe daga idon sawu zuwa tsakiyar ƙwauri ya ɗaure da igiya. Ba ta da kyan gani, amma ta rufe inda ake sara.

Masu lalurar ciwon suga kuwa, waɗanda ƙaya kan shige su ba su ji ba, bai kamata su shiga tushiya da buɗaɗɗen takalmi ko sau ɗaya ba. Duk wanda ƙaya ko ƙarfe ya huda da zurfi kuma ya nemi allurar tetanus, kada ya tsaya ga toka da man ja.

Ga mafaraucin Badarawa, Kaura ko Zurmi a yau, takalmin da ya dace shi ne mara nauyi, mai ƙasa ɗinkakke da ƙaya ba ta hudawa, wanda ya rufe idon sawu, kuma wanda ba ya kama da na soja ko kaɗan. Sarakunan dawa su kira dukawan garuruwansu su zauna kan wannan tun kafin kakar baɗi.